Mai Tsaron Kadarko Ya Sayi Bindiga

A Kara-Bulak, da zarar an gama tara ciyawa, ganyen itatuwan bakin rafi ya fara ja, abu biyu ne ba sa saɓa alkawari: sanyin da ke gangarowa daga dutse, da Toktosun a bakin kadarko.

Toktosun taubashina ne, ɗan kawu Karibek, don haka ko na ƙara gishiri a labarinsa babu inda zai kai ni ƙara. Sana'arsa gyaran tarakta da injin yankan ciyawa, kuma a nan kam babu mai kushe shi. Injin da ya mutu har kaji suka yi ƙwai a cikinsa, in ya sa masa hannu sai ya yi tari ya tashi. Inda aka jarrabe shi shi ne hannun nan ba ya buɗuwa. Ganyen shayi a gidansa dafa shi ake yi a sake dafawa har ya fito fari fat yana neman gafara. Farar hular nan tasa, kalpak, ta girmi babbar 'yarsa. Matarsa Jipar ta ce ranar da ya fara zuwa zance wurinta da alewa guda ya zo, ya ce su raba.

To, kowa ya san dokar dutse. Mafarauci in ya dawo da nama, duk wanda ya tare shi a hanya ya ce masa "shiralga", dole ya sauka daga doki ya zare wuƙa ya yanka masa rabonsa. Naman dawa ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya riga faɗa shi ke nuna inda yake so, wanda kuwa ya zagaye ta bayan gari don ya tsira da namansa, an ce dutse zai rufe masa ƙofa, mutanen gari kuma su buɗe masa baki. Hanyar dutse guda ce a garinmu, ta kan kadarkon katakon nan ta biyo. A nan Toktosun ya kafa sarautarsa.

Kunnensa kuwa abin tsoro ne. Yana kwance a ƙarƙashin tarakta, injin na ruri a kansa, za a harba bindiga a bayan dutse na uku, sai ka ga ya zaro jiki yana goge hannu da tsumma. Kafin mafarauci ya gama ɗaure nama a bayan sirdi, shi ya riga ya zauna a kan gungumensa a bakin kadarko.

"Shiralga, Saginbai baike."

Baike haka muke kiran wanda ya girme mu, kamar a ce yaya. Saginbai tsohon mafarauci ne, dogo, ramamme, mai gashin baki kamar tsintsiyar da aka gama shara da ita. Shi ya fi kowa shan wannan azaba, don shi ya fi kowa kisa.

"Kai kuma? Ɗazun nan daga kan tudu na hango ƙafafunka a ƙarƙashin taraktar Mambet."

"Ƙafafun ne suka ji ƙamshi, baike. Ni binsu kawai na yi."

"Wata rana ka gwada binsu zuwa dutse mana."

"Harsashi kuɗi ne. Wane mai hankali ne zai sa wa kuɗinsa wuta ya wurga a daji? Cinya za ka yanko, baike, ba wuya ba. Bara wuya ka ba ni."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Abin da ya sa ba a taɓa jefa shi a rafi ba shi ne kowa ya san inda naman ke zuwa. Kawu Karibek mafarauci ne na ji da gani, kuma tun tana amarya ya sabar wa matarsa, Apa Burulkan, wato innar Toktosun, da romon barewa kowace kaka. Ita dai ta yi imani wannan romon ne ke shige mata ƙashi ya ɗauke ta har bayan hunturu. Da kawu ya rasu, bindigarsa ta bi shi, don sayar da ita aka yi a hidimar sadakar shekara. Sai ɗansa ya ga ai ga hanyar da romo zai ci gaba da shigowa ba tare da an ƙona ko harsashi ɗaya ba.

Ranar da abin ya ƙare, Jipar ce ta kai wa tsohuwa kwano yana tururi, da gurasa a gefe. Apa ta shinshina, ta dubi ɗanta.

"Na wa ne wannan?"

"Na Saginbai baike ne, Apa. Cinya ce."

"Bara fa?"

"Nasa ne."

"Jiya a gidan suna na ji wata yarinya tana tambayar wane ne Toktosun. Aka ce mata, wancan na kadarko. Ba a ce ɗan Karibek ba." Ta tura kwanon gefe da yatsa ɗaya. "Ubanka sau nawa ya shigo gidan nan da fata kawai da ƙafafu, yana dariya, an tare shi an kwashe. Karɓa ba kunya ba ce. Amma wanda bai taɓa tsayawa an yanka daga nasa ba, wannan ba shiralga yake karɓa ba, haraji yake karɓa. Ɗauke mini. Ba ni ba romon barewa sai ranar da aka tare ɗana a kadarko."

Toktosun ya ɗauka rigimar tsufa ce, kwana biyu za ta huce. Ya shanye romon da kansa don kada a yi asara. Amma Apa irin matan nan ne da in sun ɗaure magana ko da haƙori ba ka kwance ta. Hunturun nan ya murɗe ta sosai. Romon rago sai ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Da ƙanƙara ta narke, matar da ke zagaya gari tana gyara wa kowa tarbiyyar 'ya'yansa ta koma ba ta wuce bakin ƙofa, zoben hannunta har zamewa yake yi. Wata safiya Toktosun ya tsaya yana kallonta tana kokawa da butar shayi. Washegari ya sa rigarsa ta zuwa biki ya tafi neman izinin riƙe bindiga. Ya yi zarya a ofis-ofis duk bazarar nan har takalminsa ya buɗe baki, aka ba shi, tare da izinin barewa guda ɗaya.

Abin mamaki, da labari ya bazu, Saginbai ne ya fara zuwa.

"Na ji za ka birnin Karakol sayen bindiga. Ni zan raka ka."

"Ba ni da kuɗin motar mutum biyu, baike."

"Zan biya wa kaina."

Nan ya kamata Toktosun ya tsargu. Amma shi in ya ji kalmar "zan biya" daga bakin wani, hankalinsa hutu yake tafiya.

A shagon, bindigogi ne jere a bango, sababbi suna walƙiya, katakonsu kamar ka lasa. Toktosun ya tambayi kuɗin ta farko, da aka faɗa masa sai ya nemi kujera. Mai shagon, wani mai tumbi da ake kira Emil, ya ce a kawo masa ruwa.

"Ba ka da wadda ta ɗan sha duniya?" in ji Saginbai. "Ba yaƙi za mu ba. Barewa ce, ko ɗan maraƙi ba ta kai ba."

Aka fito da tsofaffi daga ƙuryar shago. Toktosun ya kama wadda ta fi araha ya rungume. Saginbai ya karɓe, ya zare makullinta, ya ɗaga ta wajen taga ya leƙa cikin bakin.

"Wannan bututun murhu ne. Ciki duk ya cinye. In ka harbi gabas, mutanen arewa su yi ta kansu."

Ya leƙa ta biyu, ya leƙa ta uku, yana tsaki. A ta huɗu ya yi shiru. Katakonta duk tabo, wani ya taɓa sassaƙa sunan budurwarsa a gindin ya kuma kankare, amma cikin bakin sumul yake kamar madubi. Ya sa Toktosun ya ɗora ta a kafaɗa, ya ga tsawonta ya yi masa daidai. Ya tambayi Emil ko harsashinta na samuwa a ko'ina, aka ce har a kasuwar dabbobi.

"Ita ce. Mummuna ce, amma ba ta ƙarya. Kamar matar kirki."

"Zan gaya wa taka," in ji Toktosun.

Aka yi ciniki. Ba zan faɗi yadda aka yi ba, illa dai Emil da ya fara da fara'a ya ƙare yana dafe da goshi, har ya rantse da kabarin kakansa sau biyu.

Saura madubin da ake ɗora wa bindiga don saiti. Saginbai ya nuna wani ɗan ƙarami baƙi, ba ado ba komai.

"Wannan. Yana jawo abu daidai misali, ba ya jin girgiza, ba ya yin hazo. Abin da ya rage maka ka sayi harsashi ka koyi harbi."

Amma idon Toktosun ya riga ya sauka a kan wani a cikin gilashi. Jama'a, wannan madubi in ka gan shi sai ka ce na masu duban wata ne. Tsawonsa ya kai damtsen mutum, bakinsa kamar kwanon shayi, ga maɓallai ta ko'ina, in ka murɗa ɗaya ciki ya kawo jar wuta, ka ƙara murɗawa ya kawo kore. Kuma ya fi ƙaramin araha nesa ba kusa ba. Toktosun ya kafa ido ya leƙa titi, ya hango wata mata can ƙarshen layi tana sayar da tuffa, har ya ga tsutsa a jikin guda.

"Baike, wannan ya ninka wancan girma, kuma bai kai shi kuɗi ba. Ko a kilo aka auna na ci riba."

"Kabewa ka zo saya?"

"Da wannan daga ƙofar gida zan zaɓi barewata."

Saginbai ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi Emil, Emil ya dubi silin.

Da suka dawo gari Saginbai ya ce sai an saita madubin da bindiga, a harba a gani, a murɗa, a sake harbawa. Toktosun ya ce madubin da ke da wuta kala biyu ai ya san aikinsa. Da ƙyar ya yarda zai gwada harsashi guda. Suka fita bayan gari, aka jingina murfin tsohuwar tukunya a jikin tudu. Ya kwanta rub da ciki, ya manna idonsa a jikin madubin kamar mai leƙen ramin ɓera.

"Ja da fuskarka baya," in ji Saginbai.

"A haka na fi gani."

Ya ja kunama. Bindigar ta yi tsalle, madubin ya dawo ya sumbace shi a gira. Murfin tukunya yana nan lafiya lau, ƙura dai ta tashi can sama, nesa da shi kamar tsawon raƙumi. Toktosun ya tashi zaune jini na bin hancinsa, da wani yanka a girarsa mai siffar jinjirin wata. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ana iya sake cika kwanson.

A gida Jipar ta wanke masa da ruwan gishiri tana cije leɓe.

"Barewar ce ta rama?"

"Iska ce ta kaɗa."

Daga ɗaki muryar Apa ta fito, siririya amma da kaifinta. "Ubanka shekara arba'in yana harbi, bindigarsa ba ta taɓa cizonsa ba."

Duk da haka ya hau dutse. Ya ɗauki tsohon dokinsa da gurasa a aljihu, ya bi kwarin da Saginbai ya kwatanta masa. Kuma Allah da ikonsa, wajen hantsi, yana zaune a gindin wani itace yana cin gurasarsa, namijin barewa ya fito daga cikin sarƙaƙiya ya tsaya a gabansa, kusa ƙwarai, ko da dutse ka jefe shi ka same shi. Toktosun ya ɗaga bindiga a hankali, ya sa ido a madubi. Bai ga barewa ba. Abin da ya gani wani jan abu ne ya cika duniya, gashi-gashi, kowane sili kamar sandar kiwo. Ina kai, ina gindi, oho. Ya murɗa maɓalli, jar wuta ta kama. Ya sake murɗawa, ta koma kore. Ya ɗago kai ya duba da idonsa, barewa na nan tana taunar ganye tana kallonsa. Ya koma madubi, yanzu kuma sama yake gani da wani reshe. Kafin ya gama lalube, dabbar nan ta yi masa haushi irin nasu sau ɗaya, ta ɗaga farin gindinta ta shige daji.

Da yamma ya wuto ta kadarko kansa a ƙasa. Saginbai na zaune a kan gungumen, gungumen Toktosun fa, yana shan taba.

"Yaya dutse?"

"Ba komai a can, baike. Duk kun kashe."

"To. Injin yankan ciyawata ya ƙi tashi tun wancan makon. Ina kuma da wani tsohon madubi ƙarami a cikin akwati, ba ya kawo wuta ko kala ɗaya. Ka ga ko za su gaisa."

Toktosun ya gyara injin, ya karɓi madubin. Wannan karon da kansa ya ce a je bayan gari. Saginbai ya koya masa ya ja fuska baya, ya danne gindin a kafaɗa, ya riƙe numfashi, ya matsa kunama sannu kamar mai tatsar goɗiya mai harbi. Duk harsashin da ya fita Toktosun sai ya yi nishi kamar an cire masa haƙori, ya tsince kwanson ya sa a aljihu. Amma kafin su tashi murfin tukunyar nan ya zama rariya.

"Baike," in ji shi suna komawa, "me ya sa kake wahala da ni haka?"

"Don Allah mana," in ji Saginbai, yana shafa gashin baki.

Babban madubin kuwa bai yar ba. Wa zai yar da abin da ya saya? Ya ɗinka masa jaka da ƙafar tsohon wando, ya rataya a sirdi.

Sai da ya yi ta hawa dutse yana dawowa hannu rabbana har ya fara jin kunyar dokinsa. Ƙanƙara ta fara sauka a kan ƙololuwa tana matsowa ƙasa kowace safiya, Apa kuwa ta daina fitowa ko bakin ƙofar. Ranar da abin ya faru, da sassafe ne, a gefen wani fili da raɓa ta daskare a kan ciyawa. Namiji ne, ba babba can ba, mai ƙaho reshe uku. A cikin ɗan madubin nan ya gan shi ɗungurungum, kai da ƙafafu da inda ya kamata. Ya riƙe numfashi. Ƙarar ta zagaya kwarin ta dawo. Ya ruga da wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka, sannan ya zauna a kan ciyawa mai sanyi. Ya daɗe yana shafa wuyan dabbar. Shi da kansa ya ce a lokacin ubansa ne ya faɗo masa a rai, ba kuɗin harsashi ba, kuma wannan karon na yarda da shi.

Ya gyara naman ya ɗaure a bayan sirdi, ya kamo hanya yana 'yar waƙa. Sai da ya kawo kan tudun ƙarshe, inda ake hango gari, waƙar ta maƙale. Bakin kadarko ya yi baƙi. Ya zaro babban madubin daga ƙafar wando ya kafa ido.

A nan fa madubin ya nuna shi ma ba a banza aka ƙera shi ba. Ga Saginbai a tsaye yana wasa wuƙa a jikin dutse, har ana ganin haƙorinsa na zinariya don murmushi. Ga Mambet mai tarakta da kwano. Ga duk wani mafaraucin da Toktosun ya taɓa yi wa shiralga, da matansu, da surukansu. Wani tsoho da aka ce ba ya gani tun bara ya zo da bokiti. Ashe kunnen jin bindiga ba shi kaɗai Allah ya ba wa ba. Sai yanzu ya gane kuɗin motar da Saginbai ya biya wa kansa, da leƙen bakin bindiga, da madubin cikin akwati. Mutumin nan shuka ya yi, yau ya zo girbi.

Toktosun ya juya ya dubi barewarsa. 'Yar ƙarama ce. In aka bi layin nan, ko ƙashin da za a jefa a tukunyar Apa ba zai rage ba, kuma izininsa na guda ɗaya ne, babu ta biyu sai baɗi. Baɗi kuwa, da yadda tsohuwa ta koma, wa ya sani. Ta hagu akwai wata 'yar hanyar awaki da ke gangarawa ta tsallake rafi a mashaya, ta ɓullo daidai bayan garkensa. Ya san maganar Apa sarai, sai an tare shi a kadarko. Amma ai tana kwance a ɗaki. Zai ce an tare shi, ya ba da wuya. Jipar ba za ta tona ba, in ya roƙe ta.

Ya karkata linzami hagu. Doki ya yi taku biyu. Sai ya ce bari ya ƙara leƙawa sau ɗaya, ko don ya ga fuskar Saginbai da kyau ya riƙa tunawa yana dariya.

Madubin ya zame daga kan Saginbai ya sauka a bakin kadarkon ta ɓangaren dutse, gaban kowa da kowa. Gungumensa ne a can, an mirgino shi an shimfiɗa masa bargo. A kai akwai wata 'yar tsohuwa a dunƙule cikin babbar rigar kawu Karibek ta fatar tunkiya, da farin ɗankwalinta na zuwa biki, ta dafa sanda da hannu biyu. Jipar na tsaye a bayanta. Madubin nan mai tsinanniyar jawowa har rawar da haɓarta ke yi don sanyi ya nuna masa. Idonta na kan hanyar dutse, ba ta ko ƙiftawa.

Toktosun ya sauke madubin, ya goge idonsa da hannun riga, ya ce iska ce. Ya mayar da linzami dama, ya gyara zaman kalpak ɗinsa, ya gangara ta babbar hanya.

Ya iso bakin kadarko. Saginbai ya cika ƙirji da iska, shekara da shekaru yana tanadin kalmar nan, ya buɗe baki.

"Shiralga," in ji Apa, a hankali, ba ta ko ɗaga kai sosai ba.

Saginbai ya tsaya da baki a buɗe.

"Ni na riga," ta ce masa. "Rufe, ƙuda zai shiga."

Toktosun ya sauka, ya kwance naman ya shimfiɗa a kan fatar, ya durƙusa gabanta da wuƙa. "Ina kike so, Apa?"

Ta nuna da sanda. Cinya guda, da haƙarƙari, da hanta. Ta tsaya a kansa sai da ya yanka da kyau, ta ce ya ƙara matsawa sama, ba ita za a yi wa yankan rowa ba. Jipar ta naɗe a ƙyalle.

"Saura naku," in ji Apa. "Kada ku raga masa."

Ba su raga ba. Saginbai ya ɗauki ɗaya cinyar.

"Wuya zan ba ka, baike."

"Cinya. Bara ma cinya ka ce, ba wuya ba. Ina da tunani."

Mambet ya ce tun da an bar masa tarakta da ciki a buɗe sau ba adadi, kafaɗa yake so. Tsohon nan mai bokiti ya laluba da hannu ya zaɓi wuri mai kitse, abin da ya sa har yau ake shakkar makantarsa. Toktosun na yanka yana miƙawa, gumi na keto masa duk da sanyi. Da farko kowane yanka sai ya yi nishin nan nasa na cire haƙori. Can wajen tsakiya, da wata mata ta ce a ƙara mata don tana da baƙi, sai aka ji ya fashe da dariya. Mutane suka dubi juna, don ba a saba jin wannan sautin daga gare shi ba in abu na fita daga hannunsa.

Ya shiga gida da fata da ƙafafu huɗu da ƙaho. Ƙahon ma sai da ya ɓoye a cikin riga.

Da la'asar romo ya nuna. Apa ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta hura, ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta tsoma gurasa. Sai da ta ga ƙasan kwanon, ta miƙa wa Jipar a ƙaro.

"Yaya, Apa?" in ji Toktosun.

"Na ubanka ya fi kitse."

"Apa, ni ma a ɗan zuba mini mana. Ko ɗanɗanawa ban yi ba."

"Wannan rabona ne. In kana so, da ka tare kanka a kadarko." Sannan ta tsamo ƙashin haƙarƙari guda ta miƙa masa. "Ungo, ɗan Karibek. Kada ka saba."

Hunturun nan ta wuce shi a tsaye. Kafin ƙanƙara ta gama narkewa ta koma zagayenta, uwayen yara suka koma ɓuya in sun hango sandarta.

Mummunar bindigar tana rataye a inda ta kawu take a da, kuma kowace kaka Toktosun na hawa dutse ya sauko ta kadarko a kwashe shi. Amma kada ka ɗauka ya bar gungumensa. Cewa ya yi yanzu ne ma yake da bakin karɓa. Ranar da ba shi ne a dutse ba, yana nan zaune, da tabon jinjirin wata a gira, da babban madubin nan a ido yana share tuddai ɗaya bayan ɗaya. Tun da ya fara haka babu mafaraucin da ya ƙara samun damar bin hanyar awaki. Makon jiya ma ya kama Saginbai, yana lallaɓawa ta wajen mashaya, wai dokinsa ne ke jin ƙishirwa.